Rick Rubin a bakin mawaƙan da suka yi aiki da shi: gwani ne ko mai cin gumin wasu?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani guntun bidiyo inda Rick Rubin ya faɗa da bakinsa cewa bai iya kayan kiɗa ba, kuma bai san yadda ake sarrafa na'urorin situdiyo ba. Duk da haka ana lissafa shi cikin manyan furodusoshin waƙa na duniya. Da na bi sawun abin da mawaƙan da suka yi aiki da shi ke faɗa, sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Wasu na cewa shi ya tayar da sana'arsu bayan ta mutu, wasu na cewa kwanciya kawai yake yi a kan doguwar kujera ya karɓi kuɗi. Su wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, hirar da ka gani ita ce wadda Anderson Cooper ya yi da shi a shirin 60 Minutes a watan Janairun 2023, kuma ba a yi wa maganar ƙari ba. Ya ce da ƙyar yake taɓa kayan kiɗa, bai iya teburin haɗa sauti ba, abin da ake biyansa a kai shi ne ya san abin da yake so da wanda ba ya so, kuma ba ya inda-inda wajen faɗa. Ni kuwa na shafe shekaru ina zaune a gaban irin wannan teburin da ya ce bai iya ba, ina ɗaukar muryoyi ina haɗa sauti, don haka maganar ta taɓa ni ta fuska biyu. Na san darajar abin da yake nufi, na kuma san wanda guminsa ke zuba kafin irin wannan salon aiki ya yiwu. A ganina duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Mutum ɗaya suke siffantawa, yana yin abu ɗaya a ko'ina. Abin da ya raba su shi ne buƙatar da kowanne ya shiga situdiyo da ita.

Kafin mu je can, ka sani kalmar furodusa hula ce da ake sa wa kawuna iri-iri. George Martin, wanda ya yi aiki da Beatles, makarantar kiɗa ya yi a Landan, shi yake zama ya rubuta wa masu goge abin da za su kaɗa. Quincy Jones mai busa ne kuma gwanin tsara kiɗa tun kafin ya haɗu da Michael Jackson. Steve Albini, wanda ya rasu a 2024, bai ma yarda a kira shi furodusa ba, injiniya yake kiran kansa, yana karɓar ladan aikinsa sau ɗaya ya ƙi karɓar kaso daga cinikin faifai, har a aikin da ya yi wa Nirvana a 1993. Duk waɗannan in ka shiga situdiyo za ka ga hannunsu na motsi. Rubin kunnensa ne ke aiki, kuma aikin kunne ba ya ganuwa. Daga nan rigimar ta samo asali.

An haife shi a 1963 a jihar New York. Yana ɗalibi a Jami'ar New York ya fara kamfanin Def Jam a ɗakinsa na kwanan ɗalibai, sannan ya haɗu da Russell Simmons a 1984. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne faya-fayan gambarar da ake sayarwa ba su yi kama da abin da yake ji a gidajen rawa ba. A gidan rawa ganga ce mai ƙarfi, da mai juya faifai, da murya. A situdiyo kuwa sai a tara makaɗa a lulluɓe waƙar da kiɗan disko. Sai ya kama cirewa. Ya kuma matsa wa matasan mawaƙa su yanka dogayen baitocinsu su sa amshi, yadda waƙar za ta zauna a kan mai sauraro. A bayan faifan farko na LL Cool J, wanda ya fito a 1985, a wurin da aka saba rubuta sunan wanda ya shirya kundi, sai aka rubuta cewa Rick Rubin ne ya rage shi. Wannan kalma ta ragewa ita ce sana'arsa har gobe. Kusan shekaru talatin bayan haka, Kanye West ma da ita ya siffanta shi.

Abu na biyu da masu yabonsa ke yawan faɗa shi ne yana hango abin da mawaƙi ke ɓoyewa ko yake ƙyama. A 1986 ya kawo wa ƙungiyar gambara ta Run-DMC shawarar su sake rera wata waƙar ƙungiyar rock ta Aerosmith ta 1975, Walk This Way. Run da DMC sun san bugun gangar waƙar domin a kansa suke gwada baki, amma da suka ji kalmomin sai suka ce shirmen ƙauyawa ne, ba za su yi ba. Jam Master Jay, mai juya faifan ƙungiyar, ne ya mara wa Rubin baya har suka yi. Waƙar ta kai mataki na 4 a jadawalin Billboard, ta shigar da gambara gidajen da ba su taɓa buɗe mata ƙofa ba, ta kuma farfaɗo da Aerosmith da tauraronsu ya dusashe.

Labarin Anthony Kiedis na Red Hot Chili Peppers ya fi wannan ratsa ni. Lokacin shirin kundinsu na 1991, Rubin na duba littafin da Kiedis ke rubuce-rubuce a ciki, sai ya ga wasu baitoci kan kaɗaici da rayuwar shaye-shayen da ya baro. Kiedis bai yi niyyar nuna wa kowa ba, a ganinsa abin ya yi taushi da yawa ga ƙungiyar da aka sani da tsalle da hayaniya. Rubin ya nace ya kai wa 'yan'uwansa. Ita ce ta zama Under the Bridge, ta kai mataki na 2 a Amurka a 1992. Ka lura, bai rubuta ko kalma ɗaya ba, bai kaɗa komai ba. Amma da bai buɗe wannan littafin ba, da bai ce wa mai shi wannan abin da kake jin kunyarsa shi ne mafi kyau a cikin abin da ka rubuta ba, da waƙar ta mutu a takarda. Kundi takwas ƙungiyar ta yi da shi. Sun gwada wani furodusan a 2016, suka dawo gare shi a 2022.

Sai Johnny Cash, shahararren mawaƙin kantiri na Amurka, wanda in ana maganar Rubin dole a tsaya a kansa a daɗe.

Kamfanin Columbia ya sallami Cash a 1986 bayan kusan shekaru talatin suna tare. Ya koma wani kamfanin, abin bai yi armashi ba. Gidajen rediyon kiɗan kantiri sun daina sa sababbin waƙoƙinsa, masu harkar a Nashville, cibiyar wannan kiɗan, sun ɗauke shi tsohon da zamaninsa ya wuce. A farkon 1993 sai ga wani matashi mai dogon gashi da gemu buzu-buzu, wato Rubin, wanda aka sani da gambara da kiɗan metal mai tsananin ƙara, ya same shi bayan wani wasa a Kalifoniya ya ce yana so ya ɗauke shi a kamfaninsa. Cash ya tambaye shi me zai yi masa wanda sauran ba su yi ba. Amsar da ya samu ita ce: ka zo falona da jitarka, ka zauna gaban makirfo, ka rera duk waƙar da ranka ke so. Haka kuwa aka yi. Yawancin kundin da ya fito a watan Afrilun 1994 a falon Rubin da kuma wani ɗan gidan katako na Cash a Tennessee aka ɗauke shi. Murya ce da jita, babu ganga, babu 'yan amshi. Mutumin yana da shekaru 62 lokacin da kundin ya fito, ya ci lambar Grammy da shi, matasan da ba a haife su ba lokacin ganiyarsa suka fara cika wuraren wasansa.

Bari in gaya maka abin da mai zama a situdiyo ya sani game da wannan. Cire kiɗa daga bayan murya abu ne mai ban tsoro ga mawaƙi, musamman wanda ya manyanta. Ganga da goge da 'yan amshi sutura ce. Suna rufe rawar murya, suna rufe numfashin da ya gaza kai ƙarshen baiti. Shekara da shekaru furodusoshi na ƙara wa Cash sutura domin a tunaninsu tsufan muryarsa aibi ne da ya kamata a ɓoye. Rubin ya ji wannan tsufan ya gane cewa shi ne dukiyar. Kuma bai isa ka gane ba, sai ka sa mai muryar ya amince ya tsaya a fili haka. Na sha gwada wannan da mawaƙa. Sau da yawa in na kashe layukan kiɗa na bar murya ita kaɗai, mawaƙin kan sunkuyar da kai ya ce don Allah in mayar. Samun yardar mutum ya bar muryarsa tsirara a faifan da duniya za ta ji ya fi iya murɗa kowane maɓalli wuya.

A kundi na huɗu da suka yi, na 2002, Rubin ya yi ta tura masa wata waƙar Trent Reznor mai suna Hurt. Asalinta cike take da ƙarar injina, Cash bai ga ta inda za ta dace da shi ba. Rubin ya ce ya manta da kiɗan ya karanta kalmomin. Saurayi ne ya rubuta ta kan ƙuncin shaye-shaye, amma da ta fito daga bakin dattijo mai shekaru 70 da ciwo ya ci jikinsa, sai ta koma waƙar mutumin da ke waiwayar rayuwarsa gaba ɗaya. Reznor da kansa, bayan ya ga bidiyon, ya ce waƙar ta tashi daga tasa. Matar Cash, June, ta rasu a watan Mayun 2003. Abin da ya roƙi Rubin bayan rasuwarta shi ne a ba shi aiki kullum, domin in ya zauna haka ba zai kai labari ba. Aka ajiye masa injiniya da makaɗa a kusa, duk ranar da ya ji ƙarfi a ɗauka. Ya rasu ranar 12 ga Satumban wannan shekarar, kuma daga abin da aka ɗauka a waɗannan watannin aka fitar da ƙarin kundi biyu, a 2006 da 2010. Duk wanda zai ce Rubin ba ya yin komai, sai ya fara bayyana mini shekaru goman ƙarshe na rayuwar Johnny Cash.

Irin wannan ya maimaita da Neil Diamond. Ya sa shi ya koma ya saurari waƙoƙinsa na farko, ya kuma dage sai ya riƙa kaɗa jita da kansa yana rerawa, abin da ya daɗe da bari a situdiyo. Diamond ya yi ta turjiya kafin ya sallama. Kundinsu na biyu, a 2008, shi ne na farko da ya taɓa kai shi mataki na 1 a Amurka, yana da shekaru 67.

To, yanzu mu juya ga masu kuka, kuma kada ka ɗauke su 'yan hassada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Corey Taylor na Slipknot. Rubin ne furodusan kundinsu na uku, na 2004. A 2011 Taylor ya tsaya gaban jama'a ya ce mutumin kan leƙo na minti 45 a mako, ya kwanta a kujera, a kunna masa abin da aka ɗauka, ya yi 'yan maganganu ya tafi. Ya ce an zuzuta shi fiye da kima, ana biyansa fiye da aikinsa, kuma wanda ya yi aikin a zahiri shi ne injiniya Greg Fidelman. Geezer Butler na Black Sabbath ya faɗi kusan haka game da kundinsu na 2013, ya ce har yanzu bai san abin da Rubin ya yi ba. Ya tuna yadda ya zaunar da su ya kunna musu faifansu na farko na 1970, ya ce su manta da cewa akwai wani abu wai shi metal, su yi kamar yanzu suka gama wancan. Ga mutanen da su ne suka haifi wannan kiɗan, maganar ta yi musu nauyi. Malcolm Young na AC/DC ya ce kuskure ne aikin da suka yi da shi a 1995, bayan sun ɓata makonni a wani situdiyon New York ana neman sautin ganga, daga baya aka kwashe aka koma Los Angeles. Matt Bellamy na Muse kuwa, a wani bikin ba da lambobin yabo na furodusoshi a Landan a 2010, ya gode wa Rubin a bainar jama'a da ya koya musu yadda ba a yin furodusin.

Ka duba su wane ne waɗannan. Ƙungiyoyi ne da suka san sautinsu, suka san abin da suke so su zama. AC/DC ba su zo neman wanda zai gaya musu ko su wane ne ba, sun fi shekaru ashirin da sanin haka. Muse makaɗa ne masu son cika waƙa da kaya hawa-hawa, kuma ka haɗa su da mutumin da sana'arsa ragewa ce. Slipknot mutum tara ne, kuma a lokacin zumuncinsu ya yi tsami, shi Taylor yana fama da giya kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa. Irin wannan taron na buƙatar babba da zai kwana ya tashi da su, ya raba faɗa, ya zauna da mawaƙi baiti bayan baiti har dare ya raba. Sun biya kuɗin makiyayi, aka ba su mai leƙowa. Cash da Diamond da Kiedis kuwa sun iya aikinsu sarai. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu ga inda gaskiyarku take, ku daina gudunta. Wannan magana ce da za a iya faɗa a minti biyar, ta kuma canza shekaru goma.

Ko a cikin Slipknot ɗin ma baki bai zo ɗaya ba. Jim Root, ɗaya daga cikin masu jitarsu, ya ce Rubin na sauraron abin da ake aika masa kuma yana lura da abin da ƙungiyar ke buƙata ko da ba ya wurin. Kundin ne ya fara sa su rage gudu su bar wa karin waƙa wuri, kuma wata waƙa daga cikinsa ce ta ci musu Grammy a 2006. Taylor da kansa ya sassauto daga baya, a 2016 ya ce yana so ya nemi sulhu da mutumin. Kundin Black Sabbath ɗin da Butler ke kuka da shi ya kai mataki na 1 a Amurka, abin da ba su taɓa samu ba, ya kuma kai na 1 a Birtaniya karon farko tun 1970. Ba na kawo wannan don in ƙaryata su ba. Ciniki ba ya goge ɓacin ran da mutum ya kwasa a wurin aiki. Na kawo shi ne don ka ga cewa mawaƙi na iya fita situdiyo da haushin furodusa, alhali shawarar da ta ba shi haushin tana cikin abin da ya gyara aikin.

Rashin zamansa a situdiyo ma yana da wata hujja ta sana'a, wadda duk injiniya zai tabbatar maka. In ka saurari waƙa ɗaya sau ɗari biyu a mako, kunnenka mutuwa yake yi a kanta. Ka daina jin waƙa, sai ka koma jin ƙarar faranti a daƙiƙa ta arba'in, da wani harafi da mawaƙi ya ɗan ja. Za ka iya kwana uku kana gyaran abin da ba wanda zai lura da shi, alhali amshin gaba ɗaya bai tashi ba. Wanda ya shigo daga waje da kunne sabo, shi yake jin abin da mai saye zai ji. Na taɓa kashe kwana huɗu a kan wata waƙa, wani ya shigo ya saurara sau ɗaya ya ce baiti na biyu ya kamata ya zama na farko. Gaskiyarsa ce, kuma ni da na fi kowa sanin waƙar na kasa ganin haka. Rubin ya gina rayuwarsa a kan kare wannan sabon kunnen. Situdiyonsa na Shangri-La da ke Malibu fari fat aka shafe shi, babu talabijin, babu agogo, babu lambobin yabo a bango, don kada wani abu ya ja hankali daga sauraro.

Haka nan ragewar tana da dalili a kimiyyar sauti. Kayan kiɗa biyu da ke zaune a zango ɗaya na amo suna danne juna. Ka jera jita shida a kan juna, kowacce sai ta ƙanƙance. Ka bar ɗaya, sai ta cika ɗakin. Shi ya sa kundin da ya yi wa Slayer a 1986, wanda bai kai minti 30 ba, ya fi na tsaransu duka kaifi: ya cire amsa-kuwwar da aka saba lafta wa irin wannan kiɗan, kowane bugu ya fito a bushe. Kanye West ya kawo masa tarin aikin da bai kammalu ba ana saura 'yan makonni a miƙa kundi a 2013, suka sassaƙe shi ya koma waƙa 10 cikin minti 40. Mai kayan ba ya iya wannan yankan, domin kowane layi ya san daren da ya kwana yana yin sa.

Amma akwai inda nake tare da masu kuka ɗari bisa ɗari, kuma a nan jinina na injiniya ne ke magana. Shawarar da aka bayar a minti biyar, wani ne zai zauna awa goma sha huɗu ya mayar da ita sauti. In Rubin ya ce yana so gangar ta fi haka kusa, wani ne zai tashi ya matsar da makirfo, ya canza fata, ya sake ɗauka sau ashirin. Brendan O'Brien ne ya yi wannan a kundin Red Hot Chili Peppers na 1991, David Ferguson ya yi shi a yawancin aikin Cash na ƙarshe, Fidelman ya yi wa Slipknot da Metallica. A tsarin kasuwar waƙa ta Amurka, furodusa kan sami kaso daga cinikin faifai, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100, injiniya kuwa ladan kwanakinsa kawai yake karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ma na taɓa yin wata uku a kan wani kundi wanda furodusansa bai zo ya kai sau biyar ba, da ya fito sunansa ne a gaba da manyan baƙaƙe, nawa sai an sa tabarau. Don haka da Taylor ya ambaci sunan Fidelman a gaban jama'a, na ji daɗi har raina. Kuma ka ga abin da ya biyo baya: Slipknot suka ɗauki Fidelman a matsayin furodusa a 2014 da 2019, Metallica ma suka ɗauke shi a 2016 da 2023. Mawaƙan sun nuna wanda suka ga yana aiki.

Akwai kuma yawan karɓar aiki. A tsakiyar shekarun 2000 yana riƙe da kundi da yawa a lokaci guda, daga 2007 kuma ya ƙara da shugabanci a kamfanin Columbia. Mutum ɗaya ba zai ba kowa irin lokacin da ya ba Cash ba. Wanda ya ji labarin falon nan da jita ya biya maƙudan kuɗi yana sa ran irinsa, sannan ya sami minti 45 a mako, yana da haƙƙin ya yi fushi.

Kunnen nasa ma ba ma'asumi ba ne. Adele ta je Malibu a 2010 ta ɗauki waƙoƙin kundinta na biyu da shi da ƙwararrun makaɗa. Da ta dawo ta saurara, sai ta ga a waƙoƙi da dama ɗaukar gwajin da ta yi tun farko da marubutan waƙoƙin ta fi zafi, domin a lokacin ciwon rabuwar da take rerawa a kai ɗanye ne. Huɗu kawai daga aikin Rubin suka shiga kundin. Babbar waƙar da ta buɗe shi aikin furodusa Paul Epworth ce. A nan mawaƙiyar ce ta yi wa mai ragewa ragi, kuma ta yi daidai.

Laifin da na fi riƙe shi da shi a sana'ance shi ne na matse sauti. Akwai na'urar da ke danne wuraren da waƙa ta yi ƙara ta ɗaga wuraren da ta yi sanyi, don faifan ya fi na wasu amo a rediyo. In aka wuce gona da iri, sai bambancin tsakanin raɗa da tsawa ya ɓace, kan sautin ya fashe, kunne ya gaji kafin waƙa ta uku. An yi kuka da wannan a kundin Red Hot Chili Peppers na 1999, amma a na Metallica na 2008 abin ya kai intaha. Masoyan ƙungiyar suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan kwamfuta na Guitar Hero sun fi na faifan da suka saya tsabta, domin ba a matse su haka ba, har dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake haɗa sautin. Ted Jensen, injiniyan da ya yi tacewar ƙarshe, ya ce a matse aka kawo masa aikin. Mutumin da ya ce kunnensa ake biya ba zai ce bai ji wannan ba. Ya kyauta wa Metallica da ya mayar da su ga irin rubutun waƙarsu na shekarun 1980 bayan sun yi ta lalube, amma ya bar aikin ya fita da rauni a sauti.

Tunda kai ma kunne gare ka, ga abin da zan ba ka shawara ka yi. Ka nemi wuri shiru da abin sauraro mai kyau. Ka fara da kundin Cash na 1994, ka kasa kunne ga numfashinsa tsakanin baiti da baiti, da ƙarar yatsunsa a kan tsirkiyar jita, duk abubuwan da wani furodusan zai goge. Daga nan, ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba, ka sa na Metallica na 2008, ka ga minti nawa za ka yi kafin hannunka ya kai ga rage shi. Sunan mutum ɗaya ne a bayan faya-fayan biyu.